Ranar da Dutsen Kantar Ya Fito Daga Rijiya

Kafin in shiga labari, ina roƙon masu karatu su yi mini uzuri. Ban koyi rubutun boko ba sai da furfura ta fara fito mini, a ajin yaƙi da jahilci, kuma har yau hannun da ya saba da ƙotar fartanya bai gama sabawa da alƙalami ba. Haruffana wasu sun jingina, wasu sun kwanta, wanda zai buga su a inji Allah ya ba shi haƙuri. Duk inda aka ga na haɗa kalmar da ya kamata a raba, ko na raba wadda ya kamata a haɗa, ko na bar wani harafi babu ƙugiyarsa, a taimaka a gyara mini, ba zan ji haushi ba. Na kawo wannan roƙo tun farko ne domin labari irin wannan in ya kai ƙarshe, ba a son mai ba da shi ya sake buɗe baki.

Wata shekara, ana saura 'yan makonni a buɗe kasuwar auduga, akuya ta faɗa rijiya a wani gari da ba zan ambaci sunansa ba, saboda jikokin waɗanda abin ya shafa suna nan da ransu, wasunsu ma muna haɗuwa a masallaci. Da aka fitar da akuyar, dattawa suka ce tun da abin ya zo da haka, a yashe rijiyar gaba ɗaya. Aka samo waɗansu baƙi masu yasa, mutanen da ba su san gajiya ba, suka yi ta haƙa har suka wuce inda masu yasar gari suka saba tsayawa. Suka fito da laka, da ruɓaɓɓun guguna, da awarwaron wata mata da ta daɗe da rasuwa. Can sai suka ce a ƙaro igiya da majiya ƙarfi. Aka ja, aka ja, sai ga wani baƙin dutse sumul, da zoben ƙarfe a kansa.

Tsohon ladanin garin, wanda ya fi kowa shekaru, ya matso ya shafa dutsen, ya laluba gindinsa ya ji tsaga uku. Ya ɗaga kai ya ce ko shakka babu wannan dutsen kantar ne, ya gan shi da idonsa lokacin yana ƙarami. Mata suka rangaɗa guɗa. Kowa ya yi murna in ban da mutum ɗaya mai suna Mantau, wanda labarin ya iske shi a zaurensa yana tsakiyar shan fura. Ya ajiye ludayi, abin da ba a taɓa ganin ya yi ba sai ƙwarya ta ƙare.

Domin a gane dalilin ajiye ludayin nan, dole in koma baya kaɗan.

Yaran yanzu kilo suka sani, iyayensu kuma laba. To, kafin laba akwai kantar. Ma'aunin nauyi ne da fataken hamada suka zo da shi suna auna fatu da hauren giwa, daga baya manoma suka ara suna sayar da auduga da shi. A wannan gari, abin awon wata doguwar sanda ce mai kauri da aka rataye ta tsakiya a reshen tsamiyar kasuwa, kowane gefe da fatar saniya an ɗaure kusurwoyinta da igiya. A ɗora dutse a fata guda, a yi ta loda auduga a ɗayar. In sanda ta miƙe daidai, kantar ya cika.

A zamanin kakan Mantau, mai suna Anaruwa, in ba kakar auduga ba ce, mata sukan kai dutsen bakin rijiya suna taka shi suna jan ruwa. Wata damina ƙasa ta zame, dutse ya bi ta ya tafi. Kaka ta zo, auduga ta taru, masu saye suka iso, babu dutse. Aka ce a samo wani dutsen, manoma suka kawo ƙarami, masu saye suka kawo babba, har aka kusa zub da jini. Ana cikin haka wani ya tuna cewa samari sun taɓa ɗora Anaruwa a kan fata don wasa, shi da dutsen suka yi daidai, sanda ta tsaya kamar an shimfiɗa ta a ƙasa. Nan take aka nemo Anaruwa daga gona, aka zaunar da shi inda dutse yake zama. Tun daga ranar, kantar na garin nan mutum ne.

Sarauta ce mai ƙa'idoji. Kantar ba ya noma, kada gumi ya rage shi. Ba ya tafiya fatauci. Ba ya hawa ma'auni da takalmi ko rawani, kuma in ya hau ba ya tari, ba ya dariya. In kakar auduga ta faɗo cikin azumi, masu saye sukan ƙi awo sai an sha ruwa. In ta faɗo a babbar salla, manoma sukan ƙi har sai nama ya ƙare a gari. Abincinsa kuma a wuyan jama'a yake, kowane magidanci da damin dawa guda a shekara, ana ce masa damin kantar.

Gado kuwa ga yadda ake yin sa. In ɗa ya tasa, sai a riƙa ɗora shi a fata guda, ubansa a ɗayar. Ranar da suka yi daidai, uba ya sauka, ɗa ya hau. Haka Anaruwa ya miƙa wa ɗansa, haka ɗan ya miƙa wa Mantau kafin ya rasu. Jama'a suna ganin babu tsarin da ya kai wannan adalci, tun da a gaban kowa ake yi. Abin da babu wanda ya taɓa tsayawa ya tambaya shi ne, uban nan da ake gwada ɗa da shi, bayan shekaru yana zaune a inuwa yana cin damin gari, yana nan yadda aka karɓe shi?

Shi Mantau mutum ne mai sanyin hali, ba ya faɗa, ba ya gulma, tafin hannunsa laushi kamar na amarya. Ya yarda har cikin zuciyarsa cewa shi kantar guda ne cif, domin a ganinsa abin da ake auna komai da shi, da me za a auna shi? Mutane biyu ne suka fi kowa damuwa da jikinsa. Na farko Alhaji Barmo, babban mai sayen auduga. Alhaji bai taɓa cewa yana so Mantau ya ƙara nauyi ba. Abin da yakan ce shi ne maƙwabci yana da hakki, ko da yake gidansa yana gabas da gari, na Mantau yana yamma. Saboda wannan maƙwabtaka, kullum kwanuka suna ratsa gari daga gabas zuwa yamma, yau tuwon shinkafa yana ninƙaya a man shanu, gobe ƙafar saniya, jibi fura da kindirmo.

Na biyu Korau, Sarkin Noma, ɗan kawun Mantau, wato taubashinsa. Siririn mutum ne kamar karan dawa, kuma shekara da shekaru yana yaƙi da tumbin nan ba tare da ya ci nasara ba. Yakan aiko a ce ana kiran Mantau a ƙarshen gari, sai ya je ya tarar babu mai kira. Yakan ajiye labarin mutuwa, ko da na wani gari ne mai nisa, sai daidai lokacin da Mantau ya wanke hannu zai ci abinci ya zo ya faɗa masa, ko Allah zai sa abincin ya fita daga ransa. Mantau yakan yi wa mamaci addu'a da zuciya ɗaya, sannan ya jawo kwano.

To, da dutse ya fito, rana ba ta faɗi ba sai da Korau ya tara manoma suka je gaban Mai Gari. Ya ce ba su zo da sharri ba, amma tun da Allah ya dawo da mai wuri, a gwada shi da mai riƙo. Mai Gari kuwa yana da gonar auduga, kuma Alhaji Barmo surukinsa ne, saboda haka ya ga ko'ina ya juya akwai ƙaya. Ya tura maganar ga alƙalin gunduma. Alƙali ya aiko cewa zai zo da kansa ranar buɗe kasuwa, a ɗora dutse da mutum a gabansa. In sun yi daidai, Mantau ya ci gaba da zama. In sun saɓa, dutse ya koma aikinsa, damin kantar kuma ya tsaya, tun da dutse ba ya cin dawa.

Washegari Mantau ya sa riga ya tafi zauren Mai Gari, inda aka ajiye dutsen, wai ya zo gaisuwa. Da ya ga babu kowa, ya zagaya dutsen yana duba shi ta kowace fuska. Bai fi tulu girma ba. Ya ce a ransa ai nauyi ba a ido yake ba, bari ya gwada. Ya kama zoben da hannu biyu, ya yi nishi, sai ga dutse ya rabu da ƙasa har ya kai masa gwiwa. Nan gabansa ya faɗi. Shi da ba ya iya tayar da kansa daga tabarma sai ya dafa bango ya kira sunan Allah, ga shi ya ɗaga wannan babu bango. Ya ajiye shi a hankali, ya koma gida.

Matarsa Kuluwa ta saurari labarin tana tankaɗe. Mace ce da ba ta kewaye-kewaye. Ta ce ba abin tashin hankali ba ne, mazan gari duka noma suke yi kuma ba su mutu ba, za ta aro masa fartanya a wurin ƙanenta ya fara koyon riƙewa a tsakar gida inda babu mai gani. Mantau ya buɗe tafin hannunsa ya daɗe yana kallo.

"Kuluwa, ta wane gefe ake riƙe ta?"

"Ta inda babu ƙarfe, Malam," in ji ta, ta ci gaba da tankaɗenta.

Ba a jima ba sai ga Alhaji Barmo da kansa, kuma a karo na farko babu kwano a bayansa. Shi ma ya je ya ga dutsen. Ya gane cewa in aka ga tazarar da ke tsakanin dutse da mutum, ba Mantau kaɗai za a kalla ba, za a juyo a tambayi inda kwanukan nan suke fitowa. Ya zauna ya yi dogon wa'azi a kan illar cika ciki, ya ce magabata loma kaɗan suke ci, ya ce shi dama ya daɗe yana jin tsoron ƙibar nan saboda lafiyar Mantau. Sannan ya zaro ƙullin filasko daga aljihu, ganyen nan mai wanke ciki, ya ce a jiƙa safe da yamma. Ya ce daga yau sai kunu tsararo, kuma kowace safiya Mantau ya zagaya gari da ƙafa.

"Alhaji, ai Kantar ba ya gumi," in ji Mantau. "Ƙa'ida ce tun ta kakana."

"Kantar, wannan karon ko dai ka yi gumi a hanya, ko ka yi shi a gona."

Mantau ya karɓi filasko.

Sai dai manoma ma suna da kai. Korau ya tara su ya ce in aka bar Alhaji ya tsotse mutumin nan kafin alƙali ya zo, shaidarsu ta zube ke nan. Abin da ake so shi ne alƙali ya ga Mantau yadda yake, in da hali ma ya ɗan fi haka. Saboda haka mutanen da suka shekara suna jin ciwon ko gyaɗa guda ta shiga bakin Mantau, suka koma gida suka ce wa matansu a ɗora tukunya. Kafin la'asar kwanuka suka fara isowa. Ga dambu, ga waina, ga tuwon dawa da miyar kuka an kwarara man shanu har ba a ganin miyar. Wani talaka da bai taɓa yanka kaza don kansa ba ya yanka zabuwarsa guda ɗaya tilo. Korau ya ɗauko nasa kwanon da hannunsa, ya yi sallama, ya durƙusa ya buɗe shi daidai hancin Mantau.

"Bawana, na ji an ce ba ka jin daɗi, har ka fara zabgewa. Jini ba wasa ba ne, na kasa zama."

"Korau, kai da ka shekara kana kawo mini labarin mutuwa, yau kai ne da farfesu?"

"Ai shi ya sa. Na ga mutuwa ta yi yawa a duniya, na ce bari in riƙe wanda ya rage mini."

Kowa ya san al'ada, kwanon da maƙwabci ya aiko ba a mayar da shi cike, yin haka kamar ka ce masa ka ga guba a ciki ne. Mantau ya dubi ƙullin filasko, ya dubi farfesu, ya ce zai ɗan taɓa romon kawai saboda zumunci. Da ya ɗago kai, ƙashi kaɗai ya rage a kwano.

Labari ya kai wa Alhaji Barmo. Da safe ya zo da tabarmarsa da carbinsa ya shimfiɗa a ƙofar gidan Mantau, ya ce daga yau duk kwanon da zai shiga gidan nan sai ya bi ta kansa. Amma shi ma al'adar nan ta ɗaure shi, ba shi da ikon korar kwano. Saboda haka ya ce shi da Kantar abu ɗaya ne, abin da ya shiga cikinsa kamar ya shiga cikin Kantar ne, ya zauna yana cinyewa yana mayar da kwanuka a wanke. Ranar farko ya yi abin da fara'a. Bayan 'yan kwanaki sai aka ga yana buɗe kwano yana istigfari. Manoma kuwa da suka gane, sai suka raba aiki, ƙaramin kwano ya bi ta ƙofa don a shagaltar da Alhaji, babba ya bi ta bayan gida a miƙa wa Kuluwa ta saman danga. Ita ko Kuluwa ta ce ba ita ta kafa al'ada ba, ba ita za ta rushe ta ba. Ta karɓa ta kai ɗaka.

Zagayen gari ma bai haifar da ɗa mai ido ba. Duk ƙofar da Mantau ya zo wucewa, sai ya tarar da magidanci a tsaye da ƙwarya, yana cewa sannu da rana, Kantar, ga ruwa. Mai tafiya kuwa ba ya ƙin ruwa. In ya kafa kai sai ya ji fura ce mai kauri, wadda ludayi zai tsaya a cikinta bai faɗi ba. Haka zai yi ta bin gari ƙofa ƙofa yana shan ruwa, ya dawo gida ya fi yadda ya fita nauyi, ya sha filasko, ya kwanta yana tunanin fartanya. Wanda ya ba ni labarin ya rantse cewa a 'yan makonnin nan sai da aka ƙara wa wandon Mantau ƙyalle, aka ƙara wa na Alhaji ma.

Ranar buɗe kasuwa ta zo. Tun da hantsi Alhaji ya kira wanzami aka aske kan Mantau ƙwal, aka rage masa gemu iyakar abin da mutunci zai ɗauka, aka yanke masa farce. Aka cire layun da ya gada daga ubansa, aka cire zoben hannunsa da sabulu. Aka nemo masa wandon da ya fi kowanne shara-shara. A kan hanyar kasuwa Alhaji ya sa shi ya riƙa tofar da yawu kowane taku. Sai kuma gardama ta tashi a tsakaninsu game da numfashi. Alhaji ya ce in ya hau ya ja iska ya cika ciki ya riƙe, domin salkar da aka hura ita ce take tasowa saman ruwa. Mantau ya ce shi a ganinsa duk abin da ya shiga ciki ƙari ne, ko da iska ce. Ba su daidaita ba har suka iso gindin tsamiya, saboda haka Mantau ya yanke wa kansa cewa zai riƙe rabi.

Gari duka ya hallara, har da mutanen ƙauyukan kewaye da suka ji labari. An shimfiɗa wa alƙali buzu a inuwa. Dattijo ne mai natsuwa, ba ya ɗaga murya. Ya sa aka maimaita sharaɗin a gaban kowa, ya tambayi Korau ko ya yarda, ya tambayi Mantau ko ya yarda. Korau ya amsa da ƙarfi. Mantau ya gyaɗa kai kawai, saboda rabin iskar da yake riƙe da ita.

Majiya ƙarfi biyu suka ɗauko dutse suka ɗora a fata, gefensa ya sauka ƙasa ya zauna daram. Aka jawo ɗaya fatar ƙasa aka riƙe wa Mantau. Ya yi bisimilla a zuci, ya sa ƙafar dama. Ya sa ta hagu. Ya zauna a hankali kamar mai zama a kan ƙwai, ya naɗe ƙafafu yadda ya saba tun yana saurayi, ya rufe ido. Masu riƙo suka saki.

Mantau bai motsa daga ƙasa ba ko da faɗin yatsa. Dutse kuwa yana can sama cikin ganyen tsamiya yana lilo, tsuntsayen da ke reshen suka watse.

Alƙali ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon dutsen. Ya ce shari'a ba ta gaggawa, a ƙara wa gefen dutse wani abu a ga iyakar tazarar. Aka kafa tsani, aka ɗora turmi kusa da dutse. Sanda ba ta san an yi ba. Aka ƙara rabin buhun maiwa, igiya ta yi ƙara, Mantau yana nan zaune kamar an dasa shi. Wani mahauci ya ba da aron ragonsa, aka ɗaure masa ƙafafu aka ɗora. Sai a lokacin ne fatar Mantau ta ɗan rabu da ƙasa, har aka ga haske ta ƙarƙashinta, sannan ta sake shawara ta koma.

Guna-guni ya tashi ta gefen manoma. Kowa ya shiga tuna audugar da ya loda a fatar nan shekara da shekaru, da wadda ubansa ya loda. Wani tsoho ya ce ashe shi ya sa tun yana yaro gonarsu take ƙara faɗi, kantar ɗinsu yana raguwa. Idanu suka fara juyawa suna neman Alhaji Barmo. Alhaji ya so ya sulale ta bayan rumfar masu gishiri, amma sabon cikin da ya yi a ƙofar gidan Mantau ya hana shi wucewa ta tsakanin rumfuna, ya tsaya nan ya zaro carbi. Korau kuwa ya matso kusa da fata yana murmushi, ya ce da taubashinsa kada ya damu, akwai wata gona a bayan gari mai yawan tsakuwa, ya daɗe yana ajiye masa ita.

Mantau ya saki rabin iskar da yake riƙe da ita, tun da ta gama amfaninta. Ya hango Kuluwa a cikin mata, ya ga abin da ta jingina a jikin bango kusa da ita, ƙotar tana sama, ƙarfen yana ƙasa. Ya mayar da idonsa kan alƙali.

Alƙali ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya sa aka sauke rago da maiwa da turmi, dutse ya rage cikin ganye shi kaɗai.

"Mantau, ka yarda wannan shi ne dutsen da aka gwada kakanka da shi?"

"Allah ya gafarta Malam, shi ne."

"Ka yarda kai aka naɗa ka zauna a madadinsa, ba ƙari ba ragi?"

"Haka ne, Allah ya gafarta Malam."

"To, ga shi can a sama, ga ka nan a ƙasa. Me za ka gaya wa jama'a game da wannan ƙiba da ka yi?"

Mantau ya ɗaga askakken kansa ya dubi dutsen da tausayi, ya girgiza kai.

"Allah ya gafarta Malam, ni ina nan yadda nake. Wannan bawan Allah tun zamanin kakana yake cikin rijiya, babu abin da yake samu sai ruwa. Wa zai yi irin wannan zama bai rame ba?"